Zayyanar Allon Yaya

Shekarar da gero ya bushe a tsaye, a ita Yaya ta sauke Alƙur'ani. Ta girme ni da shekara huɗu, ni kuwa ko izu biyar ban haɗa ba. Ba wanda ya sa mini ido, don haka na sami sararin kallon kowa.

A ƙauyenmu, can bayan Tofa, in yarinya ta sauke akan yanka rago, a toya waina, a kai allonta birni a yi masa zayyana, wato a liƙa masa farar takarda a ƙawata gefunanta da zane mai launi, a bar tsakiya don ayoyin da za ta karanta. Ragonmu ya riga ya tafi kasuwa tun kafin kaka. Baba ya ce rago ya fi ƙarfinsa, waina ma haka, amma 'yarsa ba za ta tsaya gaban jama'a da allo tsirara ba. Zayyanar kuwa shi zai yi da hannunsa.

Inna ta ɗago kai daga tankaɗe ta dube shi.

"Maigida, kai da layin shukarka ma ba ya miƙewa?"

"Ai ba da sungumi zan zana ba," in ji Baba.

Da yake ba girbi ba sussuka, lokaci ne kaɗai abin da muke da shi har ya yi yawa. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba ya samo takardun buhun siminti wajen wani magini, ya fere mana alƙaluman gamba, ya dafa baƙar tawada da gawayin aduwa da ɗan ƙaron da ya rage a gidan. Ranar farko shi kaɗai ya yi zane, mu muna kallo. Abin da ya fito ya fi kama da sawun kaji a kan shanya. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta karɓi alƙalamin don ta nuna masa, kuma ba ta mayar ba.

Daga nan kowa ya shiga. Inna ta kwaso zanen da ta sani a jikin ƙwarya da na lalle, hannunta ba ya rawa ko kaɗan. Baba ya gano cewa in ya ɗora murfin kwano ya zagaye shi, da'ira takan fito ba gardama, sai ya zama sarkin da'ira, ba ya yin komai sai ita. Yaya mai haƙuri ce, ita ke cike ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya tana cije leɓe. Ni aka bar mini ɗigo. Na ji haushi, don na tabbata na fi Baba iyawa, kuma har yau ban sake ra'ayi ba.

Launi ne ya ba mu wahala. Mun jiƙa karan dafi muka sami ja. Gangamau ya ba mu rawaya, bular wanki ta ba mu shuɗi. Zoɓo ya yaudare mu, ya fito jajir da yamma, da safe ya koma kamar ruwan wankin tukunya. Ganyen wake da muka daka don kore wari kawai ya yi. Duk wanda ya gwada wani abu ya faɗi, sai an kwana biyu ana tsokanarsa. A makonnin nan ne kaɗai na ji Baba yana dariya da ƙarfi a waccan shekarar.

Sai dai duk launin da muka shafa, in ya bushe sai ya kakkaɓe kamar gari, domin ƙaro ne ke riƙe tawada a takarda, namu kuwa ya ƙare a baƙar. A kasuwa ma ya yi wuya, yara sun bi itatuwa sun cinye. Inna ce ta kawo dabara. Wata safiya ta rage gasarar kokonmu, ta dama ta da ruwa-ruwa, ta zuba kaɗan a kowane kasko na launi. Ya kama takarda ƙam, har da ɗan sheƙi. Daga ranar kokon safe ya ƙara tsinkewa, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Kwana tara muka yi a kan allon kansa. Da aka gama, malamin Yaya ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya da tawadarsa. Ya jujjuya allon ya tambayi wane mai zayyana ne a birni ya yi. Baba ya yi gyaran murya ya ce aikin gida ne. A hanyar dawowa, in ji Yaya, sai da ya tsaya ya gaisa da duk wanda suka haɗu da shi, allon a hammata, fuskarsa a waje.

Saura mako guda walima, sai aka rasa inda za a ajiye shi. Ɗaki akwai hayaƙi, tsakar gida akwai akuya. Baba ya ce rumbu. A wajenmu duk abin da ake ji da shi can ake kai shi, kuma ba mai buɗe rumbu sai maigida. Ya naɗe allon da tsohon rawani, ya hau ya saka, ya mayar da murfi.

Ana gobe walima da hantsi ya kira ni. Ya ce allon ya zame ƙasa, hannunsa ba ya kaiwa. Ya ɗaga ni ya zura ta bakin rumbun, kamar yadda akan yi da yara in hatsi ya yi ƙasa. Na sa ran in dira kan damman gero, sai ƙafata ta taɓa daɓe. Na tsaya har idona ya saba da duhun. Ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da igiyoyin dami, da kyankyasai suna gudu a bango. Sai a lokacin na san cewa abin da muke ci awo ne daga kasuwa, kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

A waje Baba ya warware rawanin. Kyankyasai sun lashe jan, sun lashe rawayan da shuɗin, duk inda gasara ta taɓa sun bi shi sun kankare har takardar ta yi fari-fari. Baƙin zanen da ayoyin ne kawai suka tsira. Ɗigona ko ɗaya bai rage ba.

Yaya ta fashe da kuka. Inna ta ce a sake, ai hannu ya riga ya saba, sannan ta tuna cewa aikin kwana tara ba ya yiwuwa a wuni ɗaya. Baba ya daɗe yana kallon allon.

"Su ma ba su sami komai a ciki ba sai wannan," ya ce.

Washegari aka yi walima da gumba da ɗan dabino. Yaya ta riƙe allon yadda yake, ta yi karatunta ba tuntuɓe. Baba ya zauna can ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa. Abin da yake gudu ke nan tun farko, a dubi 'yarsa a ji tausayinta.

Bayan addu'a aka riƙa miƙa allon hannu zuwa hannu, kamar yadda aka saba. Ya isa ga wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ba ya raga wa kowa. Ya shafa wuraren da aka lashe da babban yatsa, ya kai hanci ya sansana.

"Malam, da gasara kuka haɗa launin nan?"

"Da ita," in ji Baba.

"A bana?"

"A bana."

Dattijon ya goge hannuwansa biyu a jikin rigarsa, ya sake riƙe allon da kyau, ya ce wa na kusa da shi ya dakata, bai gama gani ba.