Ramin Mukulli

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar malama, aka tura mu bita ta kwana uku a Minna, na sauka ni kaɗai a wani ƙaramin otal wajen Barkin Sale. Damina ce, ruwa na dukan taga, ni kuwa da son mafarki na ɗauki ɗakin kamar ɗakin jirgin ruwa, duk da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba.

Mafarkin ya watse da na lura da wata ƙofa kusa da gado, wadda ta haɗa ɗakina da na maƙwabta. A kulle take, amma ramin mukullinta ya ishi ido. Na leƙa baranda, sai ga takalman namiji, manya, a bakin ɗakin maƙwabtan.

Na kira mahaifiyata. Ta ce, "Toshe ramin da auduga. Kuma ki riƙa magana kamar yayanki na nan, kada a san ke kaɗai ce."

Haka na yi. In na shigo sai in ce, "Yaya, ka ci abinci?" in kaurara murya in amsa wa kaina, "Uhm."

Washegari da la'asar na dawo, na tarar da audugar a ƙasa, ta ɓangarena. An turo ta. Na mayar, na shiga wanka da hijabina a hannu, na fito, ga ta a ƙasa kuma. Ban ƙara cire ko ɗankwali ba, na fara haɗa kaya. Na gwammace in rasa bitar da a ce wani ƙato yana kallona.

Ina jan jaka a baranda sai ɗakin maƙwabtan ya buɗe. Wata dattijuwa ce da sarƙar gicciye a wuya, ita ma da jakarta.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Yarinya, ka gaya wa yayanka ya ji tsoron Allah. Kullum na sa takarda a ramin nan, shi ya ture."

Na ce, "Mama, ba ni da yaya a nan. Mijinki fa?"

Ta kalli takalman. "Yana Gwada, yana gonar doya. Takalminsa kawai na ɗauko."

Ashe in ta cusa takarda, audugata ta faɗo. In na cusa auduga, takardarta ta faɗi. Kwana biyu muna gadin juna.

Muka yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, "Dama na ce wannan yaya, muryarsa kamar mai mura."

Muka mayar da jakunkuna, muka sa aka buɗe ƙofar. Ranar ce na fara barci sosai a garin.

Har yau ina toshe ramin mukulli duk inda na sauka, ban tuba ba. Sai dai yanzu nakan fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta in yi sallama, in ga ƙafar da ke sa takalmin.