Awon Sabulu a Sharaɗa

Na daɗe ina auna sabulu a wani kamfani a Sharaɗa kafin a haɗa ni da wani sabon ma'aikaci ɗan Jigawa. Rannan manaja ya tambaye mu nauyin sabulun da muka fitar. Na auna guda uku, na faɗi masa adadi guda ɗaya tak. Shi kuwa ya tsinto talatin daga kwalaye daban-daban.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsakanin kaza da kaza yake. Tunda ba duka muka auna ba, dole a bar wa kuskure gurbi. In aka ƙara yawan waɗanda aka auna, tazarar za ta ragu."

Da aka tashi ƙarin girma, shi aka ba kujerar da nake hari. Na yi masa murna a baki, amma sai da na yi sati biyu ban ci abinci da shi ba.