Yayata Ta Daina Musu

Yayata ta yi shekaru tana aiki a wani kamfanin jin ra'ayin jama'a. Ɗaki ne mara taga, tebura a jere, kowa da waya maƙale a kunne. Aikinta ta kira mutanen da ba ta sani ba, ta tambaye su ko sun yarda yanayin duniya yana sauyawa, ko suna shakka, ko kuma ba su da ta cewa. Sai ta danna amsar a kwamfuta.

Babbar dokar wurin ita ce ba a musu. Ko tsaki ba a yarda ta ja ba, don shugabarsu tana sauraron kiran, wai kada ra'ayin mai tambaya ya ɓata ƙididdiga. Yayar da a da ko mai kayan miya ya hango ta sai ya gyara zama, a hankali aikin ya kashe mata baki. Har tsokanarta nake yi, in ce ko an gaya mata rana daga yamma take fitowa godiya za ta yi.

Babanmu ma mai shakka ne. Gidansa a bakin rafi yake, kuma bara sai da ruwa ya shigo har tsakar gida, abin da ba mu taɓa gani ba. Bangon ɗakinsa ya tsage. Shi dai cewa yake tun zamanin kakansa ruwa ke zuwa ya wuce, sauran duk surutun 'yan rediyo ne. Ni ce auta, maganata ba ta da nauyi a wurinsa. Sai na roƙi Yaya ta je ta taso shi kafin damina, don ita kaɗai yake jin maganarta.

Ta je. Ta tambaye shi a tsanake, ta saurare shi har ya gama. Ina bakin ƙofa ina jira ta buɗe wuta.

"To, Baba, na ji ra'ayinka," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Raina ya ɓaci, har yau bai gama hucewa ba. Damina na tsakiya bangon ya faɗi, Baba yana ciki.

Bayan makoki Yaya ta koma aiki. Ta ba ni labarin wani dattijo da ta kira, ya yi ta dariya, ya ce shi ma a bakin ruwa yake zaune kuma ba inda za shi. Na ce to me ta gaya masa.

"Me kuwa zan gaya masa? Na sa shi cikin masu shakka."