Ciyawar Bakin Tafkin Kawu

Wata huɗu na yi ina rigima da igiyar ruwa, ba a kogi ba, a cikin kwamfuta. Aikin digirina na biyu ke nan: in yanka fili gutsi-gutsi a lissafi, in saki igiya a tsakiya, ta bazu ta fice kamar filin ba shi da iyaka. Tawa kuwa da ta kai gefe sai ta dawo ta dagula komai. Malamina ya ce in ba ta daina dawowa kafin Litinin ba, sai baɗi.

Na koma gida Birnin Kudu cike da haushi. Da Inna ta gaji da tsakina, sai ta aike ni Kwandiko in kai wa yayanta daddawa.

Na tarar da Kawu a bakin tafkin gonarsa yana dasa ciyawa cikin ruwa. Bayan gaisuwa na tambayi amfaninta.

"Ruwa ke cin gaɓa," ya ce. "Da na jera duwatsu, sai ya doka ya koma ya ci wancan gefen."

"To ka cunkusa ta tun daga farko mana, Kawu."

Ya dube ni da tausayi. "Ai ta zama bango ke nan, 'yar nan. Jefi-jefi ake farawa, tana ƙara kauri har gaɓa. Kuma ruwan da ya nufo gaɓa take tarewa, mai bi ta gefe ba ruwanta da shi."

Na jefa tsakuwa. Igiyar ta shiga ciyawar tana raguwa, na jira dawowarta, shiru. Ashe bango na gina. Shimfiɗar da na sa a gefen lissafina don ta shanye igiya, na yi mata ƙarfi lokaci guda, kuma ta kowace fuska. Murna ta hana ni tsayawa. Sai a cikin mota na ga daddawar tana hannuna.

Kafin la'asar na gyara, na saki igiyar. Ta bazu, ta kai gefe, ta shige. Na yi ta dariya har da hawaye. Inna ta baro tsintar wake ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe tana duban fuskar kwamfutar.

"Ni fa ban ga komai ba."

"Shi nake nema wata huɗu, Inna."