Damben Iska

Na yi kokawa a ƙuruciyata, kuma daga Tanut har Tarka babu wanda ya taɓa kai bayana ƙasa. Walkina da layuna na ajiye wa ɗana na fari, yaro mai ƙirji kamar turmi. Sai wani ɗan ci-rani ya dawo daga Libiya da wata na'ura, ya kafa ta a shago bayan tasha. Wai ka riƙe wani abu kamar guntun rake, ka naushi iska, wani ɗan mutum a cikin tele ya yi naushin a madadinka. Yaron nan ya bar filin kokawa ya tare can.

Wata ranar kasuwa na je in gani da idona. Makiyaya daga Belbeji sun cika shagon, suna tsalle suna kai duka, rawuna na warwarewa, sai dariya suke. Su ban ga laifinsu ba, sun yi wasansu sun koma wurin raƙumansu. Masu ba ni haushi su ne 'yan kullum, masu kiran kansu gwanaye, a jere kan benci, har da ɗana.

Na ce, "Kai, tashi mu tafi."

Ya ce, "Baba, ku gwada mana. In kun ka da ni, gobe ina fili. In na ka da ku, sai ku ƙyale ni."

Na ce a raina abin nema ya samu. Na tuɓe babbar riga, na karɓi 'yar sandar nan mai kama da rake, na gyara tsayuwa, na shiga kai naushi tun daga kafaɗa, gumi na zuba. Da na waiga, ashe shi ko tashi bai yi ba! Yana zaune, gwiwar hannu a cinya, yana kaɗa tasa 'yar sandar kamar mai korar ƙuda. Banzar na'urar ba ta san naushin namiji da na rago ba. Kafin in kai ɗaya ya kai da yawa, mutumina na cikin tele ya zube, benci ya ɗauki ihu.

Ya ce, "Baba, ai ba ƙarfi ake sawa ba."

Raina ya ɓaci matuƙa, amma alkawari kaya ne. Na ɗauki rigata na fita.

Da kaka ta yi aka buga gangar kokawa, na sauko da walkin daga ƙusa na miƙa wa ɗan maƙwabcina. Ɗana yana tsakar gida a lokacin. Bai ko tambayi inda za a kai shi ba.