Ranar da Muka Canja wa Dattijuwa Birki

Kawu Direba yayan mahaifiyata ne, kuma tun kafin a haife ni yake riƙe da sitiyari. Ya ja motar kaya, ya ja motar asibiti, daga baya ya daɗe yana tuƙa wani mai kamfanin katako. Da mutumin ya tsufa ya daina fita, sai ya bar wa Kawu motarsa, wata doguwa ruwan toka mai bambar ƙarfe. Kawu ya raɗa mata suna Dattijuwa, kuma duk gidan ba mai kiranta mota a gabansa.

Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: ban da taya da batir, ba a taɓa canja wa Dattijuwa komai ba. Ni bakanike ne, ina da ɗan garejina a bayan kasuwa, amma a wurin Kawu ni ba komai ba ne sai mai ɓarna. In ya zo ya tarar na fiɗe motar wani, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Ku fa mahauta ne, sifana kawai kuka riƙe maimakon wuƙa." Birkin Dattijuwa irin na dā ne, na ganga, kuma shi yake ɗaure abinsa da sukudireba, yana juya taya yana kasa kunne. Shi ya koya mini tuƙi, kullum da karatunsa guda: birkin direba a ido yake, ƙafa 'yar aike ce kawai. Na sha ranƙwashi a kan wannan magana.

Wata safiya ya kai jikokinsa makaranta lafiya lau, ya dawo, ya daki ginshiƙin ƙofar gidansa. Fitila ɗaya ta fashe, bamba ta lotsa. Mutumin da bai taɓa take ko kaza ba! Babbar 'yarsa, wadda muke kira Anti Nas saboda aikinta, ta fito ta dubi ginshiƙin, ta dubi uban, ta miƙa hannu.

"Baba, ba ni makullin. Da yaran suna ciki fa?"

"Birki ne ya ƙi," in ji Kawu. "Na taka, bai kama ba."

Suka yi ta ja, har dai ta sauko. Ta ce in laifin birki ne a gyara shi, makulli ya zauna a hannunsa, amma in ba shi ba ne, tuƙi ya ƙare. Kowa ya san abin da makullin nan yake a wurin Kawu. Matarsa ta rasu, abokansa sun ragu, kai yara makaranta shi ne abin da ya rage yake tashinsa da safe.

Da aka kawo motar garejina na buɗe ƙafafun gaba na duba, ban ga wani mugun abu ba. Gangunan sun ɗan ci, amma ba cin da zai hana mota tsayawa ba. Na gaya masa haka. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Cire su. Ka sa mata irin na zamani, na faifai, wanda ake cewa ko yatsa ka ɗora sai ta tsaya." Na saki baki. Har na ɗauko zolaya, zan ce yau mahauci ya yi rana, sai na ga fuskarsa na haɗiye abata.

Ya sa muka tura ta can ƙuryar gareji, muka rataya tamfol, don kada tsofaffin direbobin da suke zama a bakin hanya su gani. Shekara da shekaru yana yi musu dariya a kan motocinsu masu kayan aro, yanzu ga shi a ɓoye yana yin abin da ya zaga. Da na sa guduma zan fitar da gangar farko, ya juya baya kamar mai jiran a gama yi wa ɗansa allura. Na kwance farantin baya, na ɗaura maƙalin da zai riƙe sabon birkin, na zura faifan, na sa abin da yake matse shi, na canja tiyo da tukunyar man birki. Shi kuwa ya tattara tsofaffin gangunan, ya goge su tas da tsumma, ya sa a buhu ya ajiye kusa da ƙafarsa.

Saura cire iska. Wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya yana kujerar direba yana taka birki, ɗaya yana ƙasa yana buɗe ƙaramin noti don iska ta fita tare da mai. Na ce bari in kira maƙwabcina mai faci. Kawu ya ce ba wanda zai zauna masa a kujera.

Na kwanta a ƙarƙashi, na ce, "Kawu, taka."

Sai can na ji ya taka.

"Riƙe."

Na buɗe notin. Maimakon mai ya yi tsartuwa, sai ya ɗan ɗiso, ya tsaya, iska ta koma ciki. Na ce, "Kawu, kada ka saki sai na ce." Ya ce bai saki ba. Muka sake, haka. Muka kuma sakewa, haka. Raina ya fara ɓaci, na ɗauka sabuwar tukunyar ce ta jabu, na fito ina tsaki zan duba ta. Ƙofar direba a buɗe take.

Kawu ya sa hannu biyu ya kama gwiwarsa ta dama, ya ɗaga ƙafar daga ƙasa ya ɗora ta a kan birki, yana danna gwiwar da tafinsa. Ƙafar tana ta rawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ya ɗago, muka haɗa ido. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Ji na yi kamar na faɗa masa ɗaki yana canja kaya. Na sunkuya ina neman sifanar da take hannuna.

"Ka gani," in ji shi.

"Ban ga komai ba, Kawu."

"Kada ka yi mini ƙarya, ƙaryar da na yi ta isa." Ya saki gwiwar, ƙafar ta zame ta faɗi. "Tun bara take yi mini haka. Wata rana ta ji magana, wata rana ta ƙi. Ranar nan ido ya ga ginshiƙin sarai, 'yar aiken ce ba ta je ba."

Na ce sabon birkin ba ya son ƙarfi, taɓawa kaɗan ya isa. Na san maganar banza nake yi, shi ma ya sani. Birki komai kyansa sai ƙafa ta iso gare shi.

Ya daɗe yana shafa sitiyarin. Sannan ya ce, "Ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa na tsaya gaban 'yata na yi mata ƙazafi, na kawo ta aka yanke mata ƙafafu, don a ce tawa ƙalau take."

Na tambaye shi ko in mayar mata da gangunanta. Ya girgiza kai, ya ce a bar sabon, wanda zai riƙa kai yaran gara ya sami mai kamawa da wuri. Ya dafa ƙofa ya fito da ƙyar, ya ce in kira mai facin ya zo ya zauna mu ƙarasa.

Da muka gama, na kai shi gida a cikinta. Ya zauna a kujerar gefe, wadda ban taɓa ganinsa a kai ba, buhun gangunan a cinyarsa. Anti Nas tana tsaye a ƙofa, ta ce, "An gyara birkin?"

"Birkin ba shi da laifi," in ji Kawu. Ya zare makullin da kansa ya miƙa mata, ya rungumi buhunsa ya shige ciki yana jan ƙafa, a gaban kowa.