Gajeruwar Jaka a Gefen Salansa

Ranar Larabar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku, Babanmu ya dawo gida da la'asar wani ƙauri na biye da shi. Ina tsugune a ƙofar gidanmu a Hayin Banki, ni da ƙawata Asabe muna 'yar carafke, sai ga shi ya karyo kwana a kan tsohon babur ɗinsa, sababbin jakunkunan fata ja wur suna lilo gefe da gefe. A makon nan kowane gida babbakar kai da ƙafafu ake yi, saboda haka ba wanda ya kula. Innarmu ma daga cikin gida cewa ta yi, "Har yau wasu ba su gama da kan ragonsu ba." Ni da goge babur yake aikina, da na sunkuya da tsummana sai na ga inda ƙaurin yake fitowa. Gindin jakar dama ya kwanta a kan salansa, bututun hayaƙin babur, fatar ta yi baƙi ta ƙanƙance kamar ganda a kan garwashi. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Baba. Yatsa kawai ya ɗora a kan leɓensa.

Gyaran keken ɗinki ne sana'ar Baba. Daga ƙasar Katsina ya zo Kaduna yana saurayi, ya koyi aikin, ya zama duk telan da kekensa ya fara tsinke zare daga Kawo zuwa Kurmin Mashi shi yake aika wa. Babur ɗin na hannu ne, ya saye shi wurin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Ba ya tashi sai an buga masa kik har ƙafa ta gaji, in kuma ya ƙi, mu yaran layi mu tura shi muna ihu har gangaren rijiya. Kayan aikinsa a kwali Baba yake zubawa, ya ɗaure a kariyar bayan babur da yankakkiyar robar taya. A daminar da ta wuce kwalin ya jiƙe ya fashe a hanyar Rigasa, wadda a lokacin gonaki ne da laka, ya yini yana tsintar ƙananan notuna a cikin taɓo, wasu har yau suna can.

Bayan an gama girbi kakanmu na wajen uwa ya zo Kaduna neman maganin yanar ido. Baduku ne, ya gaji dukanci daga ubansa, kuma a ƙauyensu duk jakin da ya ɗauki kaya mai kyan gani, to mangalarsa daga hannunsa ta fito. Mu jikoki Tsoho muke ce masa. Bai sauka a gidanmu ba, don suruki ba ya kwana a gidan surukinsa. Ya sauka a zauren wani malamin allo ɗan garinsu, can ƙarshen layinmu, yana jiran ranar da likita zai ba shi. Ni aka ɗora wa kai masa abinci safe da yamma, ni kuma nake riƙe masa sanda in zaga da shi unguwa don ƙafarsa ta saki. Uwargida yake kirana, ni kuma in ce ban ga abin da zan yi da miji mai haƙori huɗu ba. In na kai masa tuwo ya ce miyata ba gishiri, in ce ai ba shi ya ba da kuɗin cefane ba. Daga bakina ya ji labarin kwalin da ya fashe, kuma a ranar ya sa na kwance masa taikin da ya zo da shi.

Ganinsa ya yi rauni ƙwarai, amma hannunsa yana gani. Ya riƙa zaro fatu ɗaya bayan ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya ja. Ta tunkiya ya ture gefe, ya ce laushinta yaudara ce, ba ta jure nauyi. Ya zaɓi fatar akuya rinanniya da karan dafi don fuskar jaka, kirgin saniya kuma don baya da maɗauri. Washegari da sassafe, Baba na masallaci, na ja shi zuwa gindin dalbejiyar da ake ajiye babur. Ya shafa shi tun daga fitila har lamba kamar mai sayen dabba a kara, ya auna faɗin kujera da taƙi, ya auna daga kariya zuwa ƙasa da kamu. Hannunsa ya bi ta kan salansa, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya wuce. Babur ɗin ya kwana a waje, ƙarfen sanyi ƙalau. A iya saninsa, abin hawa gefensa biyu daidai suke, kuma mangalar da gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo abin kunya ce ga baduku. Haka ya zauna a kan buzu da basillarsa, ni ina zura masa zare, har ya gama jakunkuna biyu zurfafa, tsawonsu ɗaya, haɗe da faffaɗan kirgi da zai kwanta a kan kariya, ya yi musu geza, ya shafe su da man kaɗanya. Ana jajiberin Sallah ya ce in kai wa ubana.

To a nan matsalar take. Da na girma na zauna da Yarabawa a Ikko shekaru, na ga suruki ya kwanta ƙasa ya gaida uban matarsa, amma in ya tashi zai faɗa masa abin da ke ransa. Na ga Larabawa suna gardama da surukansu a kan faranti ɗaya. Mu ba haka muka taso ba. Baba tun daga nesa yake cire takalmi, ya tsuguna, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa, ya tashi. Ba ya cin abinci a gaban Tsoho, ba ya dariya, ba ya kama sunansa, ko mai irin sunan ya gamu da shi sai ya sakaya. Mutumin da yake haka, ta ina zai buɗe baki ya ce aikin da ka yi mini da raunin ido bai yi daidai ba? Innarmu kuwa 'yar fari ce. Tsoho ba ya kallonta, ba ya kiran sunanta, in yana son ya gaya mata magana sai ya fuskanci bango ya ce a faɗa wa mutanen gidan nan. Ita ma hanyarta a toshe take.

Saboda haka Baba ya shiga dabaru. Ajiye jakunkunan ba zai yiwu ba, don kullum da safe ta gaban zauren malam yake wucewa, kuma Tsoho yakan miƙa hannu ya shafa su ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sa'ar da aka yi, ta hagu ce take fuskantar zauren. Baba ya gwada cusa jiƙaƙƙen buhu tsakanin jaka da salansa, buhun ya bushe ya kama hayaƙi a Kawo. Ya gwada ɗage jakar da igiya, ta karkace ta shiga wayoyin taya, saura kaɗan ta kayar da shi. Daga ƙarshe sai ya zama in ya sha kwana ya tsaya, ya kwance su, ya rataya a wuya kamar mai tallan carbi, ya tuƙa a haka har inda za shi, in ya kusa gida ya mayar. Telolin Kurmin Mashi suka samu abin tsokana, suna tambayarsa shi ne babur ko babur ne shi. Ɗan tsakanin kwana da gida kuwa ya isa, kullum baƙin yana ƙara faɗi. Ya yi tunanin kai wa wani baduku a kasuwa ya yi faci a ɓoye, Inna ta ce ko a mafarki Tsoho ya taɓa ɗinkin da ba nasa ba sai ya gane, kuma wannan ya fi ƙunar ciwo.

Ana cikin haka asibiti suka sa ranar aiki. Kowa ya yi murna, amma na ga Baba ya yi tagumi a kan tabarma. In idon ya buɗe, abin da Tsoho zai fara nema ya gani shi ne aikinsa, kuma zai ga an bar shi ya ƙone ana ta yi masa godiya. Da yamma ina tankaɗe Inna tana daka, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Oh, ni 'yasu. Gida cike da manya, amma mai bakin faɗa wa Tsoho magana ɗaya ce, ita kuma sai surutun banza." Ta ci gaba da dakanta. Ban kai shekarun da za a ce ina da wayo ba, amma na gane aike ne.

Washegari na daidaita zagayenmu da dawowar Baba. Yana shiga gida ya kama ruwa, na jawo Tsoho gindin dalbejiya, salansa tana ta ƙas-ƙas ɗin hucewa. Na ce, "Tsoho, ashe ƙaryar dukanci kake yi? Jakarka ta gasu, saura yaji." Ya ce, "Uwargida, kishi ne, don ban yi maki ba." Na kama hannunsa na kai gindin jakar. Yatsunsa suka bi ƙonannen wurin a hankali, suka zarce, suka taɓa ƙarfen. Ya fizge hannu ya sa yatsa a baki. Na fara tsorata. Can ya ce, "Wannan jaki zazzaɓi gare shi a gefe guda. Tun yaushe?" Na ce tun Sallah. "Kuma ubanki shina wucewa kullum ina shafa mashi?" Na ce har a wuya yake rataya su. Ya girgiza kai, ya ce in kwance in ɗauko.

Da Baba ya fito ya ga kariya wayam, na ce Tsoho ya karɓe kayansa. Ya zauna a kan dakali, hularsa a hannu. Bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo. Ya koma ga kwali da roba. Kullum da safe ya tsuguna ya yi gaisuwa, Tsoho ya amsa kamar kullum, ba wanda ya ta da zancen. Baba ya ɗauka fushi ne, har abincinsa ya ragu. Ni kuwa da nake zura zare na san abin da ake ciki, amma Tsoho ya ce in na faɗa zai sake ni.

Wannan karon da rana tsaka Tsoho ya yi awo, babur na huci, yana matso da tafin hannu har inda zafi ya daina dukansa. Ya yanke jakar dama ya bar taƙi guda tsakaninta da salansa, ya ƙara mata faɗi, ya ninka mata kirgi a gindi. Ana gobe za a kai shi asibiti ya aiko ni da su, da saƙo: a je wurin mai walda ya lanƙwasa ƙarfe a kowane gefe don kada jaka ta shiga taya, a zuba ƙarafa masu nauyi a gajeruwar, tsummoki da kwalbar mai a doguwar, don nauyi ake daidaitawa ba tsawo ba. Baba ya yi yadda aka ce. Ya ja maɗauri, ya girgiza babur, ya zaga layi ya dawo, ya sa hannu a gindin jakar. Ɗumi kawai.

Da aka kwance wa Tsoho ido aka dawo da shi, Baba ya turo babur har ƙofar zaure, ya cire takalmi ya tsuguna. Tsoho ya fito yana ƙifta ido, ya zaga babur ɗin, ya tsaya ta baya inda ake ganin jakunkunan biyu tare, ɗaya doguwa ɗaya kamar an datse mata ƙafa. Ya dube ni ya ce, "Uwargida, wane makaho ne ya yi wannan mummunan aiki?" Dariya ta kuɓuce wa Baba. Ya yi maza ya rufe baki da hannun riga, amma ta riga ta fita, kafaɗunsa suna ta rawa. Tsoho ya kau da kai wajen bango kamar bai ji ba, gemunsa na motsi. A iya sanina, wannan ce kaɗai dariyar da Baba ya taɓa yi a gabansa.

Jakunkunan sun fi babur ɗin tsawon rai, sun ma fi Tsoho. Ni kuma fatauci ya kai ni wurare. Na ga jakunkunan raƙuma a Agadas, na ga na babura jere a shagunan Istanbul, kowace da ƙarfenta da takardar bayaninta, an riga an rage ta gefen salansa tun daga masana'anta. Yanzu a Hayin Banki akwatin roba ake ɗaura wa babur, mai makulli, ruwa ba ya shiga, ba kuma mai shafa masa man kaɗanya. Mijin 'yata, yaron kirki, in na saya masa abin da bai yi masa ba, a waya yake gaya mini kafin in iso gida, kuma na san hakan ya fi sauƙi. Sai dai in na ji ƙaurin babbaka bayan Sallah, nakan tuna mutumin nan da ya yi ta tuƙi da jaka a wuya don kada ran wani tsoho ya ɓaci. Sauƙin ya zo mana, amma ban ƙara ganin dariya mai tsada irin waccan ba.